Abin da Aka Tambaye Ni a Girka

Tun da na dawo daga Girka ban huta da tambaya ba. A bakin masallaci, a wurin mai shayi, har cikin motar Dawanau, kowa da tasa: yaya ƙasar take, me suke ci, da gaske ne suna cin riɗi kamar yadda muke cin tuwo? Na ba da labarin har na fara jin yana canzawa a bakina, domin wanda ya ji jiya shi ke gyara mini yau. Malam Nura, mai koya mana boko a ajin manya, shi ya ce in zauna in rubuta sau ɗaya, wanda ya iya karatu ya karanta wa wanda bai iya ba. Shekarata ta uku ke nan a ajinsa. Ya duba rubutun, ya sa ƙugiya a haruffan da na manta, amma maganar tawa ce.

Sunana Sale. Aikina zaɓen riɗi. Na fi shekara ashirin tare da Alhaji Garba a kasuwar Dawanau. Idan aka kawo buhu ni ke zura hannu, in murza, in shinshina, in tauna, sannan in ce a ɗauka ko a mayar. Yawancin riɗin da nake tsaya wa na ƙauyenmu ne, tsakanin Bici da Ɗanbatta, inda gona ke manne da gona, kowa ya san abin da maƙwabcinsa ya zuba a tasa.

Bayan kakar da ta wuce Alhaji ya tura kaya ga wasu Girkawa da suka daɗe suna saye a wurinsa, masu yin alewa da riɗi. Wata huɗu bayan nan saƙo ya zo da Turanci cewa kayan suna warin magani. An auna a na'ura ba a ga komai ba, amma mai masana'antar, wata tsohuwa, ta ce ba za ta sa shi a alewarta ba. Da kalmar magani ta shigo kasuwa, kowa maganin ƙwari ya ji. Alhaji ya ce manoma ne suka yi wa riɗin feshi bayan girbi, kuma ba zai ƙara sayen ƙwaya ɗaya daga ƙauyenmu ba sai an gane inda abin ya fito. A ƙauye kuwa maganar ta faɗa kan Yaya Bala, ɗan wan mahaifina, saboda shi ke da famfon feshi, kuma riɗinsa ya fi na kowa yawa a cikin kayan. Ya rantse ba a saurare shi ba. Har ta kai idan ya zo majalisa hira ta mutu. Ga damina ta matso, irin riɗi yana ajiye a ɗakuna, ba wanda ya san ko zai shuka.

Ana cikin haka tsohuwar ta aiko cewa Alhaji ya je, ya kuma tafi da mutumin da ke zaɓen riɗin. Haka tafiya ta same ni, ni da ko Legas ban taɓa zuwa ba.

Abuja muka fara zuwa neman biza. Da shekara huɗu baya ne da dangwale zan yi, amma yanzu na sa hannu da biro. Sai dai wuri uku aka nuna mini, na sa hannu iri uku, domin ni a sanina duk yadda ka rubuta sunanka sunanka ne. Alhaji ya ce ba haka ba ne, dole ya zama ɗaya kamar tambari. Aka ba ni sabuwar takarda. A hanyarmu ta dawowa na cika shafi biyu na littafina da Sale, Sale, Sale, har hannuna ya tsaya a kan guda.

Daga Kano jirgi ya kai mu Alƙahira. Ba ni da abin faɗa a kan jirgi sai cewa kunne yana toshewa, abinci kuma yana zuwa a ɗan akwati, kowane abu da marfinsa, ka gama buɗewa ka ga ba wani abin kirki a ciki. A Alƙahira mun yi jira mai tsawo. Na gwada Larabcin makarantar allo a kan wani mai shara, ina neman wurin alwala. Ya fahimce ni, ya nuna mini, ya kuma yi mini doguwar magana da ban kama ko kalma ɗaya a ciki ba.

A Atina, babban birnin Girka, aka raba ni da Alhaji a layi. Jami'in da ke duba fasfo ya yi mini tambaya da Turanci. Na miƙa masa wasiƙar gayyata, na faɗi kalma ɗayar da Alhaji ya koya mini, wato sunan riɗi da Turanci. Ya duba wasiƙar, ya ce susami, ya buga hatimi. Kalmar Girkanci ta farko da na koya ke nan, kuma riɗi ce. A wurin ɗaukar kaya wani kare ya zo ya zauna a gaban jakata ya ƙi tashi. Uwargida ta sa mini ƙuli-ƙuli da yaji da kilishi. An bar mini biyu na farko, kilishi kuwa aka ce doka ba ta yarda nama ya shiga ƙasar ba. Na ce wa Alhaji ashe a nan ma akwai masu neman abinci da hanci irina. Bai yi dariya ba, domin rabin kilishin nasa ne.

Ɗan tsohuwar ne ya zo tarbarmu, sunansa Niko, mutum mai ƙiba da furfura, sa'ana ne ko ya ɗan girme ni. Shi yana jin Turanci, Alhaji yana jin na kasuwa, ni ba na jin ko ɗaya. Saboda haka duk maganar da ta iso gare ni a ƙasar nan ta bi ta baki biyu, daga Girkanci zuwa Turanci a bakin Niko, daga Turanci zuwa Hausa a bakin Alhaji. Tawa ma haka take komawa.

Mun yi tafiyar wajen awa huɗu a mota zuwa arewa. Gonaki ne na zaitun da alkama, a gyare tsaf, amma ba kowa a ciki. A wurinmu ba ka yin tafiyar minti biyar a gona ba ka ce wa wani sannu da aiki ba. A can na yi ta neman wanda zan ɗaga wa hannu, har na gaji na bari. Niko yana tuƙi da hannu ɗaya, ɗayan yana magana da shi. Idan wayarsa ta yi ƙara sai ka ji yana ta cewa ne, ne, ne, kamar mai ƙarasa maganar da bai fara ba. Daga baya na ji ashe ne a wurinsu i ke nan. A'a kuma sau da yawa ba sa faɗa, sai mutum ya ɗaga haɓa sama ya yi ɗan tsaki. Ranar farko na tambayi mai abinci da hannu ko akwai shayi, ya ɗaga kai, na zauna ina jira.

Ranar Juma'a da yamma muka isa garin, ƙarami ne, bai kai Bici ba. Masana'anta ba ta aiki Asabar da Lahadi, don haka sai Litinin za a buɗe mana sito. Aka sauke mu a wani ɗan masauki na wani tsoho mai gashin baki, Manoli. Ɗakin da tsabta, gado da laushin da ya hana ni barci mai kyau, banɗaki ba buta, sai da na mayar da gorar ruwa buta. Sallar farko na fuskanci gabas kamar yadda na saba tun ina yaro. Alhaji ya shigo ya nuna mini a wayarsa cewa alƙibla a can ta karkata kudu sosai. Na sake salla.

Abinci bai wahalar da mu ba, domin Niko ya riga ya gaya wa mai girki abin da ba ma ci. Kifi, burodi, tumatir da albasa da wani farin cuku mai gishiri, ga man zaitun a kan kome. 'Ya'yan zaitun kansu na ɗauka za su yi zaƙi kamar ɗinya, ashe ɗaci da gishiri ne. Kofi suna kawo shi a ɗan ƙaramin kofi, ƙasansa duk laka, ba a shanye ta. Ni na shanye, saboda ban saba barin abu a kwanon mutane ba. Amma abin da ya tsayar da ni shi ne burodin safe, wani mai kama da gammo, an lulluɓe shi da riɗi ciki da waje. Na tsinci ƙwaya ɗaya na duba a tafin hannu. Fari ne, ɗan gajere, irin namu. Ban ce namu ba ne, domin ba ni da shaida, amma na daɗe ina kallonsa.

Ranar Asabar da azahar na sauko tsakar gida inda akwai famfo a gindin inabi, na fara alwala. Ina wanke ƙafa sai ga Manoli a kaina, da babbar murya, ya ce ti kanis. Na miƙe da ƙafa ɗaya jiƙe. Ya sake faɗa. Alhaji ya leƙo ta taga, ya maimaita kalmomin a wayarsa, wayar ta ba shi Turanci, shi kuma ya ce mini, wai me kake yi. Na rufe famfon na hau sama. Na ɗauka ruwan na shuka ne, ba a taɓa shi.

Da nan abin ya tsaya da sauƙi. Mai burodi ya ce mini ti kanis. Matar Niko da ta kawo mana lemo ta ce mini ti kanis. Wani tsoho a benci da ban taɓa gani ba, shi ma haka. Ni kuwa da abin da ya kawo ni a zuciya, sai na ɗauka duk garin ya ji labarin riɗi mai wari, kuma ga mai zaɓensa ya zo. Duk wanda ya faɗa sai in buɗe masa tafin hannuna biyu in ce ba komai, da Hausa. Su kuma su yi murmushi su wuce. Ban san me murmushin yake nufi ba.

Ranar Lahadi Niko ya ɗauke mu zuwa bakin teku, muka zauna a wata rumfar shan kofi. A nan na roƙi Alhaji ya tambaye shi me ya sa kowa yake son sanin abin da nake yi. Da maganar ta isa, Niko ya yi dariya har ya share ido. Ya ce gaisuwa ce. Kalmomin dai me kake yi suke cewa, amma nufinsu yaya kake, kuma amsar ita ce kala, wato lafiya. Na ce to kala a wurinmu tsintar abin da ya rage a gona ce bayan girbi, amma na karɓa.

Na fito da littafina na miƙa masa, na ce ya rubuta mini ti ɗin nan, tunda ita ce na fi ji a bakin mutane. Harafi biyu ce, sun yi kama da namu, sai dai na biyun ba shi da ɗigo. A gabanta ya sa ɗigo da waƙafi a ƙarƙashinsa. Na tambayi wannan fa, ya ce alamar tambayarsu ke nan. Na yi mamaki, domin na sha wahala kafin hannuna ya iya lanƙwasa tamu, ashe akwai ƙasar da ba a bukatarta.

Sannan ya jera mini ma'anoninta da Turanci, yana faɗa ina rubutawa da haruffan Hausa yadda kunnena ya ji. Ta farko wat. Ta biyu hau. Ta uku wai. Da na duba shafin sai na ga biyu daga ciki kalmominmu ne, hau ta hawan doki, da wai ta maganar da ba ka da tabbas a kanta. Alhaji ya ce ba su ba ne. Wat shi ne me, hau shi ne yaya, wai kuma don me. Niko ya ba da misali. Idan ka nuna abu ka ce ti ine, mene ne wannan ke nan. Idan ka gai da mutum, ta zama yaya. Idan yaro yana ihu uwarsa ta jefa masa ti, don me kake ihu take nufi. Har idan abu ya burge ka kana iya farawa da ita, ba tambaya a ciki ko kaɗan. Ya ce suna da wasu kalmomin na yaya da don me, amma wannan ƙaramar tana shiga aikin kowa.

Na ce wa Alhaji ya gaya masa mu ma muna da irinta. Ina, ta tambayar wuri, ita ce kuma ta ina kwana da ina gajiya. Baƙon da ya bi ta a kan kalma zai ɗauka ana tambayarsa inda ya ajiye gajiyarsa. Niko ya ji daɗin wannan, ya sa na maimaita masa ina gajiya har ya iya. Na kuma tambaya ko ti tana tambayar mutum, kamar a ce wa ya zo. Ya ɗaga haɓa ya yi tsaki. Ya ce wannan kam ba ta yi, akwai wata daban, piyos. Na rubuta ta a layin ƙasa ita kaɗai.

Alhaji ya ce, "Malam Sale, riɗi ya kawo mu ko makaranta?"

Na rufe littafin. Da muka koma masauki na tarar da Manoli a tsakar gida, na riga shi, na ce masa ti kanis. Ya rungume ni, ya ja ni har gindin famfon ya buɗe mini shi da kansa.

Litinin da hantsi muka shiga masana'antar. Ƙamshin soyayyen riɗi ya tarbe mu tun daga ƙofa. Tsohuwar sunanta Eleni, ana ce mata Kiriya Eleni, kamar yadda muke cewa Hajiya. Gajeriya ce, sanye da baƙaƙen kaya, da sanda. Ta miƙo hannu, na ɗora nawa a ƙirji na ɗan rusuna, ta gyaɗa kai, ita ma ta ɗora nata a ƙirji. Ba ta tsaya dogon gaisuwa ba. Ta wuce gaba muka bi ta zuwa wani ɗaki a ƙarshen sito, inda aka ware kayanmu su kaɗai.

Na gane buhunan daga ɗinkin bakinsu. Aka kwance ɗaya, ta nuna mini da sanda. Na zura hannu har gwiwar hannu na ɗebo daga tsakiya. Riɗin bushe yake, ba tsakuwa, ba ƙwaro. Na murza na kai hanci.

Ba maganin ƙwari ba ne. Busasshiyar citta ce. Ga wanda bai saba da ita ba, to lallai wari ne irin na kantin magani, amma kowane Bahaushe da ya taɓa shan kunu ya san shi. Ina jin sa na tuna. A watan da muka tara kayan ana gyaran daɓen babban sito, sai aka ce a jera riɗin a ƙaramin, inda citta take jibge har rufi. Aka ce kwana biyu ne. Ya yi sati uku, ƙofa a rufe. Riɗi abu ne mai mai, yana shan warin duk abin da ya kwana kusa da shi. Na san haka tun ina saurayi. Ina tsaye aka jera buhunan, ban ce komai ba, kuma da saƙo ya zo da kalmar magani, ni ma tunanina gona ya tafi.

Ina tsugune da riɗi a hannu tsohuwar ta yi magana, na ji ti a farko. Bakina ya riga tunanina, na ce kala. Ta yi wata gajeriyar dariya ta faɗi wani abu. Da ya zagayo ta bakin Niko da na Alhaji, cewa ta yi da lafiya ce da ba ta taso mu daga Afirka ba. Niko ya ce wannan karon wat ce.

Alhaji ya ce, "Tana tambaya mene ne."

Na ce, "Citta ce, Alhaji."

Ya dube ni. Ya sunkuya ya ɗebi riɗin da kansa ya shinshina, ya daɗe bai ɗago ba.

"Ka tabbata?"

"Na tabbata."

Ba wanda ke jin Hausa a ɗakin nan sai mu biyu. Ya karkaɗe hannunsa, ya juya wajen Niko ya faɗi kalma ɗaya da Turanci. Niko ya mayar wa uwarsa. Ta ɗaga gira, ta ɗebi riɗin ta sake shinshinawa, ta ce ne, ne. Ta aika aka kawo garin citta daga wani kanti, ta riƙe shi a hannu ɗaya, riɗin a ɗayan, tana kai kowane hanci. Sannan ta sake tambaya, na ji Niko ya ce hau.

Alhaji ya ce, "Wai ta yaya."

Na ce an ajiye su ɗaki ɗaya, buhu jingine da buhu, ƙofa a rufe, sati uku. Na ce a gona ba a yi masa komai ba, yadda manoma suka kawo shi haka na karɓa, lafiyayye. Alhaji ya mayar. Ya ɗauki lokaci fiye da yadda maganar take, yana neman kalmomi, amma na ji ya ambaci sati uku, domin ya nuna da yatsu.

Ta sake magana, Niko ya ce wai, wato don me. Alhaji bai ma juyo da ita gare ni ba, shi ya amsa. Daga baya na ji cewa gyaran daɓe ya gaya musu.

Na tsaya ina sauraron piyos, kalmar tambayar wa ya yi. Na san yadda take a kunne, domin na maimaita ta a raina tun safe. Tsohuwar ta yi magana mai tsawo da ɗanta, ta buga sanda a ƙasa sau biyu, ta nuna buhunan, ta nuna ƙofa. Kalmar ba ta fito ba. Abin da ya iso gare ni shi ne, wannan kayan za a shanya shi a sarrafa shi ta wata hanya, ba zai shiga alewa ba. Na baɗi kuwa tana son irin wannan riɗin, daga gonakin nan, a ɗaki shi kaɗai, kuma wannan mutumin ya shinshina ɗakin kafin a sa buhu ko ɗaya. Ta nuna ni da sanda. Daga nan ta sa aka yanko mana alewar, wadda aka yi da riɗin shekarar da ta gabata. Tana narkewa a baki, ta fi tamu laushi, amma ba ta kai kantu daɗin tauna ba.

Kwana ɗaya muka ƙara muka kamo hanya. Manoli ya ba ni kwalbar zaitun, na karɓa saboda kunya. Niko ya kai mu har filin jirgi, ya ce mini ina gajiya a matsayin sallama, ban gyara masa ba. Alhaji bai yi mini magana ba tun daga sito sai abin da ya zama dole, kamar kawo fasfo, ko tashi mu je. Sai a Alƙahira, muna zaune muna jiran jirgin Kano, ya yi magana yana kallon gabansa.

"Da ka bari mun yi maganar a ɗaki."

Na ce, "A sito aka tambaye ni, Alhaji."

Can ya ce, "Da na gaya musu wani abu daban, da ka sani?"

"Da ban sani ba."

Ya ce to, ya tashi ya tafi neman ruwa. Ya dawo da gora biyu ya miƙo mini ɗaya.

Mun sauka Kano an yi ruwa biyu. Kwana uku bayan nan Alhaji ya aika ƙauye cewa a shuka riɗi, zai saya kamar kullum. Bai ƙara ko kalma a kai ba. Mutane suka yi murna, aka fito da iri. Amma saƙon bai wanke kowa ba. Wasu ma cewa suka yi Alhaji ya yi haƙuri ne ya yafe.

Na sami Yaya Bala a gonarsa ta bayan gari yana gauraya iri da yashi a ƙwarya. Ya yi mini barka da dawowa, ya tambayi hanya da mutanen can, na amsa. Sannan ya ajiye ƙwaryar ya tambaye ni wa ya yi. Na ce ba su tambaya ba.

Ya ce, "Ni na tambaya."

Na ce, "Citta ce, Yaya. A sito ya sha warinta, ba a gona ba."

"Citta ba ta da ƙafa, Sale."

"Ba ta da ita. Ina tsaye aka jera riɗin kusa da ita, na san abin da zai iya faruwa, ban yi magana ba."

Ya ce wata biyu ya yi yana cin abinci a cikin gida kamar mara lafiya. Ya ce ba a gona aka ɓata sunansa ba, saboda haka ba a gona za a gyara shi ba. Ranar Juma'a bayan an sauko, in je ƙofar gidan mai unguwa in faɗi abin da na faɗa masa, da irin muryar da aka faɗi tasa. Na ce to.

Na je na faɗa. Mutane sun taru fiye da yadda na zata. Na ce riɗin kowa lafiya ya bar ƙauyen nan, har da na Yaya Bala. Na faɗi citta, na faɗi sati uku, na faɗi tsayuwata da shiruna. Da na gama, wani daga baya ya ce to amma wa ya ce a haɗa su ɗaki ɗaya. Wasu suka ce ƙwarai, a faɗa. Ina neman abin da zan ce, Yaya Bala ya miƙe yana karkaɗe rigarsa.

Ya ce, "Ai ya gaya muku. Citta ce."